Yadda Na Ɓatar da Kawuna a Kasuwar Yiwu

Ni haifaffen unguwar Misfala ne, kakanninmu ta Sudan suka shigo Makka. Lokacin da abin nan ya faru ina da ɗan shago inda nake sayar wa alhazai darduma da carbi da turare. Na ga zamba kala-kala a sana'ar nan, har na zama mutum mai zargin tsiya. Ko fara'a ka cika yi mini sai na dafe aljihuna, kuma wallahi a lokacin wayo nake ɗaukar hakan.

Kayanmu daga China suke zuwa, sai na ce bari in je in saro da kaina. Kawuna, ƙanin mahaifiyata, ya kafe sai ya bi ni. Dattijo ne mai ciwon suga, bai taɓa wuce Madina ba. Umma ta ce ga amana nan, yadda na tafi da shi haka zan dawo mata da shi.

A birnin Yiwu aka haɗa mu da wani tafinta, ɗan ƙasar, Musulmi mai jin Larabci. Tun ranar farko bai kwanta mini ba. Ya ce mu zo da fasfo a yi mana layin waya nasu, don WhatsApp da taswirar da muka saba ba sa aiki a can. Fasfona? Na ce Allah ya kiyaye. Ya kai mu gidan abinci ya ce na halal ne, na dubi naman na hana Kawu ci, muka koma kan dabino da biskit. A kasuwa kuwa sai ya yi ta ƙus-ƙus da masu shago suna dariya, na ce shi ke nan, ana cinikinmu a gabanmu. Na sallame shi. Kafin ya tafi ya ba kowannenmu katin masauki mai rubutunsu, da lambarsa a baya, ya roƙe mu kada mu rabu da shi. Na karɓe na Kawu na cusa duka a gindin jaka. Na ce wa Kawu mu da muke kai ɓatattun alhazai masaukinsu kullum, wa zai koya mana hanya?

Washegari muka shiga kasuwar mu kaɗai. Gini ne hawa-hawa, kowane layi kamar ɗan'uwansa. Ina tsaka da tayin carbi Kawu ya ce zai kewaya ya yi alwala, yanzu zai dawo. Shiru-shiru babu shi. Na danna waya, ko motsi. Na tari masu gadi ina kwatance da hannu, suna ta yi mini yare, ni kuma gani nake da bakinsu a ciki. Azahar ta wuce, La'asar ta yi, ga tsoho babu abin kirki a cikinsa tun safe. Ban da fuskar Umma ba abin da nake gani. Da ƙyar na haɗiye girman kai na tono katin, wata mai shago ta kira mini mutumin da na kora.

Ya zo. Shi ya yi ta kiraye-kiraye har aka gano Kawu a wani asibiti. Jiri ne ya ɗebe shi a kan matakala, ya karye a ƙugu. Da na shiga Kawu bai yi mini faɗa ba. Cewa ya yi tun kafin ya faɗi yake yawo yana neman wanda zai nuna masa alƙibla, ba mai gane shi. Shi da ya tsufa bai taɓa tambayar inda Ka'aba take ba. Yana faɗa yana hawaye.

Har yau ban sani ba ko tafintan nan yana cin la'ada a bayana, wataƙila yana ci. Amma in ma ya ci, bai kai abin da zargina ya ci mana ba. Don Allah duk mai shirin zuwa China, ka yi layin wayarsu da zarar ka sauka, ka bar wa kowa katin masaukinsa a aljihunsa, ka nemi gidan abincin Musulmi ka ci ka ƙoshi. Ka bincika tafinta tun kana gida, in ka ɗauke shi kuma ka riƙe shi. Kawu da yake zuwa Harami da ƙafarsa kowace sallah, yanzu a keke nake tura shi, ran Juma'a kawai.