Damin Gidan Bawa

Duk shekarun da na yi ina jami'in al'adu a Ƙanƙara, ranar da ba ta barin raina ita ce wadda Alhaji Mamman, babban dillalin hatsi, ya shigo ofishinmu ya zauna tun ba a ce masa bismilla ba.

Lokacin ana shirin raɗa wa unguwarsu suna a hukumance. Dattawa sun ce a sa sunan kakansa, Malam Bawa Mai Rumbu, domin kowa ya san a wata shekarar yunwa shi ya ciyar da mutane, har aka yi ta kafa gidaje kewaye da rumbunsa. Aikina shi ne in binciko asalin mutumin kafin a rubuta allo.

Alhaji ya ce, "Malam Sada, mu dai an ce mana daga Barno muke. Amma ga ni da furfura, in ka cire gwaggona ban taɓa ganin mutum ɗaya da zai ce shi dangin ubana ne ba. 'Ya'yana na tambaya, ina kame-kame. Nemo mani su kafin in mutu."

Ku yaran yanzu ku ji ƙa'idar aikin: ba a karɓar asali daga baki ɗaya, kuma ba a farawa da maza. Namiji, da ka tambaye shi, sai ya kai ka Barno ko Makka. Tsofaffin mata ake nema. Na tafi wurin gwaggonsa, Hajiya Dije, ta ce, "Barno ina! Baba ko kalmar Barebari ɗaya bai iya ba. Damo ne dai ba a ci a gidanmu, kuma in ya yi tuntuɓe sai ya ce, 'Wayyo Ranau!'" Ta kuma zana mani tsagar fuskar Malam Bawa da yatsa a ƙasa.

Ranar kasuwar 'Yankara na nuna wa wani tsohon wanzami tsagar. Bai ko yi dogon tunani ba ya ce ta Maguzawan wani ƙauye ce a wajen Sabuwa. Na je, na yi tambaya a gidaje daban-daban, magana ta zo ɗaya: Bawa ɗan wani gidan Maguzawa ne a ƙauyen.

To fa! Yaya zan gaya wa Alhaji, mai sahun gaba a masallaci? Gaskiya na ji tsoro. Shugaban sashenmu ya ce, "Faɗa masa yadda take, amma a cikin ɗaki. In ya ƙi, ba ma rubuta komai."

Na faɗa masa. Har na fara neman takalmana da ido. Can ya ce, "Babur ɗinka na da mai?"

Hanyar nan ta jijjiga mu, ba a magana. Mai gidan su Bawa na yanzu, Baba Jatau, tsoho ne, Kirista. Ƙanensa ya musulunta, wasu kuma suna nan kan al'adar iyaye, duk gida ɗaya. Ya ƙare wa Alhaji kallo ya ce, "Wa ya haifi ubanka?"

"Bawa."

"Bawa ɗan Ranau, wanda ya tafi gari ya yi salla?"

Kafin Alhaji ya amsa, mata sun ɓarke da guɗa. Baba Jatau ya ce ai hatsin shekarar yunwar nan daga wannan gida aka riƙa kai wa Bawa a kan jakuna. Bayan rasuwarsa ne sawu ya ɗauke. Sai ya kama hannun Alhaji ya kai mu wani ɗan ƙaramin rumbu a bayan gida, ya sa aka buɗe. Dami ɗaya ne na gero a ciki, sabo fil.

Ya ce, "A gidan nan duk kaka kowane ɗa yana da dami. Wannan na Bawa ne. In shekara ta zagayo ba a zo ba, sai mu ba mabuƙaci, mu sa sabo. Ubana ya yi, ni ma ina yi. Ɗana, kun daɗe ba ku zo kun ɗauki rabonku ba."

Wallahi Alhaji durƙusawa ya yi yana kuka, ni ma ban tsira ba.

Da za mu dawo na ce a ɗaure damin a bayan babur. Mutumin da ke loda tireloli da hatsi ya ce atafau, a cinyarsa zai riƙe. Haka muka shigo gari, kan gero na sukar ƙeyata, yana gaisawa da kowa.

Da aka zo rubuta allo na tambaye shi ko a tsaya a kan Unguwar Malam Bawa. Ya ce, "Ƙara Ranau, da manyan baƙi."

Tun daga nan, duk wanda ya zo nema, ba na gaggawar tsorata da abin da zan tono masa. Yawanci ba sarauta mutane ke nema a asalinsu ba, so suke su ji ko akwai inda ba a manta da su ba. Alhaji ya rasu, Allah ya jiƙansa. Bana ma 'ya'yansa sun je sun ɗauko daminsu.