Yadda Gwaggo Ta Ceci Rumfar Tela

Gwaggona ta yi shekara talatin tana buga takardu a ofishin filaye, kuma duk ofishin babu mai nawarta. Dalili kuwa, ba ta taɓa buga kalmar Turancin da ba ta san ma'anarta ba. Tana cin karo da wata tsohuwar kalma sai ta ɗauke hannu, ta jawo ƙamus mai yagaggen bango, mutane na layi suna tsaki. Manyanta sun yi faɗa har sun gaji. Mu ma a gida mun sha yi mata tsiya.

Bayan ta yi ritaya, maƙwabcinmu tela ya shiga uku. Wani ya sayi gidan da ke bayansa, ya ce filin da telan ya kafa rumfar ɗinki nasa ne, a tashi kafin ƙarshen wata. Rumfar nan ita ce cinsa da shansa. Lauyan da telan ya samu, matashi mai ƙamshin turare, ya duba tsohuwar takardar da telan ya gada, ya ce gida kawai ta ambata, babu zancen fili.

Ranar da tela ya fara kwashe kaya, Gwaggo ta leƙa ta ce, "Kawo takardar nan in gani."

Ta bi ta da yatsa layi-layi, lauya na tsaye yana duba agogo. Can ta tsaya, ta dubi lauyan.

"Ɗana, wannan fa? Curtilage. Me ka ce take nufi?"

"Ai Mama, irin adon maganar mutanen da ne. Tsallake su ake yi."

"Tsallakewa? Wannan ita ce farfajiyar da ke kewaye da gida, har inda shinge ya tsaya. Na buga ta ya fi sau ɗari. An ba kakan tela gida da farfajiyarsa."

Lauya ya lalubo kalmar a wayarsa, kunya ta rufe shi. Ni kam daɗi ya kusa kashe ni.

Ko kotu ba a je ba. Lauyan mai sayen gidan na ganin layin ya ce wa mutuminsa ya haƙura. Tela ya zo godiya, ya durƙusa yana hawaye.

"Tashi ka koma aikinka," in ji Gwaggo. "Mutane na jiran kayansu."

Da la'asar muka ji keken ɗinki ya tashi a bayan katanga.