Dalilan da na kai wa mahaifinsu

Shekarar da babbar 'yata ta ci bak, jarrabawar gama sakandare, ni na tsaya mata a gaban mahaifinta. Shi Ngaundere yake so, ko Marwa, inda ko ciwon kai aka ce tana yi mota ɗaya za ta kai mu. Ita kuwa Yawunde ta sa a rai.

Ta zaunar da ni ƙarƙashin darbejiyar tsakar gida ta yi ta jero mini dalilai. Manyan malamai suna can. Manyan asibitocin da ake koyon aiki suna can. Mutum zai zauna da kowace ƙabila, Faransancinsa ya goge. Daga ƙarshe ta kamo hannuna ta ce, "Dada, ina gamawa nan zan dawo. Matan Garwa su huta da jin kunyar likita namiji."

Maganar nan ta shige ni. Na sha zama a layin asibiti, na ga mace ta leƙa ɗaki, ta ga namiji ne, ta gyara mayafi ta koma gida da ciwonta. Sai na ɗauki dalilan kamar nawa, na dinga kai wa Malam, mahaifin nata, safe da yamma, har ranar da ya gaji ya ce, "To, a wuyanki take." Na ce na ɗauka. Tun daga nan ban fasa aika mata kilishi da busasshen kifin Binuwai ta hannun direbobi ba, kuma duk sujada sai na roƙa mata tsari.

Bana ƙanwarta ta ci bak, babbar kuma ta zo hutu. Wata la'asar ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, ina madafa, su biyu suna rumfa suna tsinkar yakuwa. Ƙarar ruwa a kan kwanon rufi ta sa suna magana da ƙarfi. Ruwan ya ɗauke farat ɗaya, ita ko babbar ba ta rage murya ba.

"Ke dai kar ki ce gari kike son gani. Ki ce fanninki babu shi a nan. Sannan ki ce za ki dawo ki yi wa mutane aiki. Shi ke kama Dada. In Dada ta kamu, an gama da Baba."

"Adda, ke ɗin za ki dawo?"

"In dawo in yi me, in soyu a zafin nan? Ni tun ranar da na hau jirgin ƙasa a Ngaundere na san na tafi."

"Kai Adda, ba kya tsoron Allah!"

"Ina tsoro mana. Dada ce ba a gaya wa gaskiya, kuka za ta sa miki."

Ludayi na hannuna. Na ci gaba da juya miyar don kar su ji shiru. Da ma babbar ce mini ta yi tana son babban gari, wallahi da na fahimta, ni ma na taɓa zama yarinya, na taɓa kallon motocin kudu ina haɗiyar yawu. Amma ta duba inda zuciyata ta fi taushi ta taka nan, yanzu kuma tana nuna wa ƙanwarta wurin.

Bayan kwana biyu ƙaramar ta same ni ina shanya. Ta fara, ita ma Yawunde take so, fannin babu shi a nan, malamai suna can. Da ta miƙo hannu za ta kama nawa na janye.

"Ga mahaifinki can a zaure. Ki je da bakinki."

Ta tsaya tana kallona, sannan ta je. Ba a jima ba Malam ya leƙo ya ce, "Ke me kika gani?" Na ce ban ga komai ba, abin da ya yanke shi ne. Ya yanke Ngaundere.

Ƙaramar nan ba ta taɓa yi mini ƙarya ba kafin ranar, wataƙila ma ita da ta je Yawunden da ta dawo. Na sani, amma ban koma wajen Malam na roƙa mata ba. Ranar tafiyarta ta durƙusa wa mahaifinta ya sa mata albarka. Da ta zo kaina ta karɓi ƙullin yajin da na miƙa mata, ta ce, "Na gode, Dada," idonta na kan mai babur ɗin haya da ke jiranta a ƙofar gida.