Waƙar da Inna Ta Ara

Daren Laraba ne, bayan sallar isha'i, a makon da aka gama kai dawa rumbu. Mu huɗu ne a bakin wuta a tsakar gidanmu na Lakwaya: kakata ta wajen uba, wadda kowa yake kira Iya; ƙanwar mahaifina, Gwaggo Ladi; 'yarta Lami; sai ni, ina 'yar shekara takwas ko kusa da haka. Akwai ta biyar, amma ba a cikinmu take zaune ba. Mahaifiyata, Inna, tana bakin ƙofar tsohon ɗakinta, daidai inda hasken wutar yake ƙarewa, ta jingina kanta da bango. Tun da damina, lokacin da ƙyanda ta ɗauke ƙanena Sule, wurin zamanta ke nan.

Wajibi ne in bayyana halin da gidan yake ciki kafin in zo ga tatsuniyar. Inna ba ta yi kuka a gaban jama'a ba, domin matan zamaninta ba su saba da haka ba. Magana ta daina, abinci kuma sai an tsaya a kanta. Mahaifina ya gina mata sabon ɗaki don ta bar wanda yaron ya rasu a ciki, ya rage daɓe kawai. Saboda waɗanda suka tashi a zamanin siminti, daɓe shi ne a zuba burji a ƙasan ɗaki, a yayyafa ruwa, mata su jeru a durƙushe da madaɓai na itace su yi ta bugu har ƙasa ta kwanta ta yi santsi, sannan a shafe ta da ruwan makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa. Da waƙa ake yinsa, kuma a unguwarmu Inna ce mai ba da waƙar, sauran su amsa. Da matan suka zo daɓen ɗakinta sai suka yi mata kara, ba wadda ta buɗe baki. Daɓen ya bushe ya tsage. Aka sake, shiru dai, ya sake tsagewa. Aka fara raɗe-raɗin cewa ɗakin ne ya ƙi ta. Yayyenta maza suka aiko daga Masanawa cewa ranar Juma'ar sama za su zo, in ba ta sami sauƙi ba su tafi da ita gida. Ni 'yar gidan ubana ce. Na san in an tafi da ita, ba da ni za a tafi ba.

Iya ta sa an sake kiran mata don washegari. A daren ta tura karan dawa cikin wuta, ta gyara zama, ta juya fuskarta wajenmu, amma muryarta ta fi ƙarfin kunnuwan mutum ukun da ke gabanta. Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi suke buɗewa. Nata salon daban ne.

"Ga wata nan ta taso daga bayan gari, tana neman wurin zama."

"Ta zauna a tsakiyarmu," muka amsa.

"To ku matsa mata, ba ta son cunkoso. Ke Ladi, janye wannan ƙafar taki mai kama da muciya."

Ta ce an yi wata mace a wani gari wadda 'yarta ɗaya tilo ta rasu. Matar ta rufe ƙofa, ta ce ita kaɗai za ta daɓe ɗakinta, ba ta son ganin kowa. Ta yi ta bugu tun safe har yamma, haƙoranta a datse. Da ƙasa ta bushe sai ta tsage, tsaga guda siririya daga bakin ƙofa zuwa gindin gado. Matar ta kwanta, sai ta ji murya tana fitowa daga tsagar: "Inna, ƙasa ta yi mini nauyi."

"Iya, ƙasa ba ta magana," na ce. Tun ina ƙarama ba na barin abin da na ga ba daidai ba ya wuce.

"Alƙali ya iso," in ji Iya. "Ranka ya daɗe, a bar ni in ƙarasa, sannan a yanke mini hukunci."

Lami ta yi dariya, amma gajeriya. Ta matso ta riƙe gefen zanen uwarta.

Matar ta tashi, in ji Iya, ta fasa daɓen, ta sake bugu da ƙarfin da ya fi na farko. Tsagar ta zama biyu. Muryar ta ce: "Inna, kina buguna a ka." Ta sake, ƙasa ta ƙara tsagewa, har ɗakin ya zama duk baki, kowane baki yana kiranta. Ta rame, idanunta suka faɗa, mutanen gari suka riƙa kauce wa ƙofarta. Ran nan wata tsohuwa mai tallan kuka ta tsaya neman ruwan sha. Ta leƙa ɗakin, ta ce: "'Yar nan, ƙasa tana shan abin da aka zuba mata. Kin zuba mata baƙin ciki, shi take amayar miki. Yarinyar nan barci take so, kin hana ta. Yi mata waƙa ta kwanta." Matar ta ce, "Babu waƙa a cikina. Ta mutu tare da ita."

A nan Iya ta dakata. Ta ɗauki wani guntun kasko da ke gefen murhu, ta kwaso garwashi biyu a kai, ta ɗaga.

"Ke Alƙali, in wutar gidanku ta mutu da asuba, me ake aikenki ki yi?"

"In je maƙwabta in ɗebo."

"In kin kawo kin hura, tuwon da aka tuƙa da ita na maƙwabta ne?"

"Namu ne."

"To haka tsohuwar ta gaya mata. Ta ce waƙa ma ana aronta."

Matar ta buɗe ƙofa, ta kira matan unguwa. Suka jeru, suka ɗauki waƙa, ita tana tsakiyarsu bakinta a rufe. Hannunta ne ya fara bin waƙar, madaɓinta ya riƙa sauka tare da nasu. Daga baya kafaɗunta suka bi. Kafin rana ta yi tsaka an ji muryarta a cikin amshi. Daɓen ya kwanta sumul kamar bayan ƙwarya. Da dare ta sa kunne a ƙasa, sai ta ji daga nesa an ce, "Inna, na yi barci." Daga ranar ba ta ƙara jin muryar ba.

"Sai ta ji daɗi?" Lami ta tambaya.

"Sai ta yi kuka," in ji Iya. "Kukan da ba ta yi ba tun farko. Ai da tsagar, ko ba komai tana jin 'yarta. Amma ta ci abinci a daren." Ta zubar da garwashin cikin wuta. "Tatsuniya ta tashi ta koma bayan gari. Kowa ya kama bakinsa, kada ta bi shi ɗaki."

Na waiwaya. Inna ba ta motsa daga inda take ba, amma ta ɗago kanta daga bango.

Da safe mata suka taru, wajen goma sha. Aka fasa tsohon daɓe, aka zuba sabon burji, aka yayyafa ruwa. Iya da kanta ta je ta kamo hannun Inna, ta durƙusar da ita a tsakiyar layi, ta danƙa mata madaɓi. Inna ba ta musa ba. Suruka ce ta kamo ta. Matan suka dubi juna, kowa tana jiran wata. Sai Iya ta ce, "Ladi, ba da waƙa."

Wata daga ƙarshen layi ta ce, "Iya, Ladi fa? Ai jakunan unguwa za su amsa kafin mu."

"Su amsa mana," in ji Gwaggo Ladi. "Mijinki ne zai ja musu gaba."

Aka yi dariya a ɗakin nan karo na farko tun da aka gina shi. Gwaggo Ladi, Allah Ya ji ƙanta, mace ce mai kirki, amma ba a ba ta murya ba. Ta ɗauko waƙar da Inna ta saba bayarwa, ta karya ta a tsakiya, ta sa ƙarshen baiti a farkonsa. Duk da haka matan suka amsa, madaɓai suka fara sauka tare. Ina tsaye a bakin ƙofa da tulun ruwa, idona a kan hannun Inna. Da farko yana sauka a bayan na kowa. Can sai ya daidaita.

Gwaggo Ladi ta sake juya baitin a karo na uku. Inna ta tsayar da madaɓinta.

"Yaya Ladi," ta ce, muryarta a dushe, "ba haka ake ba."

Matan suka tsayar da bugu.

"To malama, a gyara mana," in ji Gwaggo. "Ni dama aro na yi, ga mai kaya."

Inna ta ɗaga madaɓinta. Sannan a hankali ta ce:

"Ƙasa kwanta, ƙasa kwanta,
mai ɗaki na son barci."

Matan suka amsa, "Ayye, kwanta." Ta sake, da ɗan ƙarfi. Hawaye na zuba a kan burji, ana bugunsu tare da ruwa, ba wadda ta ce mata ta yi haƙuri, ba wadda ta tsaya. Suka kai har bayan azahar, alhali a karo biyun farko tun hantsi suke ajiye madaɓai.

Bayan shekara biyu aka kai ni makarantar mishan a Kabo, ni kaɗai daga gidanmu. Wata Baturiya ce take koya mana ɗinki, tana auna tazarar zare da rula, duk layin da ya karkace sai an warware shi tun daga farko. Ina gode mata har yau, kuma a kan tsarinta na yi aikin koyarwa a Gwarzo har na yi ritaya. Waɗanda suka bi ta ajina za su shaida cewa ban taɓa karɓar aikin da aka yi rabi da rabi ba. A can Kabo na gane dalilin tsagewar daɓe ba tare da aljanu ba: matan da suke aiki shiru kowace da nata bugun, wata da ƙarfi wata da sanyi, kuma da wuri suke gajiya, sai ƙasa ta kwanta a wani wuri ta ƙi a wani. Waƙa tana haɗa hannuwa, tana kuma mantar da mutum ciwon gwiwa. Na lura da irin wannan a ajin ɗinkin ma. Ranar Asabar ana barinmu mu rera waƙa muna aiki, kuma a ranar ba a cika warware wa kowa layi ba. Da na zama malama, na sha ganin yaro ya san lissafi sarai amma ya ɓata shi don ya shigo aji a tsorace ko da damuwar gida. Saboda haka ban taɓa fara darasi mai wuya ba sai na ga fuskoki sun saki, ko da hakan zai sa ni, da ba a san ni da wasa ba, in ari barkwancin wani.

Yanzu jikokina suna kawo mini maganganun da suke gani a waya, wai mutum ya yi farin ciki kawai nasara za ta zo. Ban yarda da maganar a wannan siffa ba. Fara'a ba ta tace burji, ba ta kuma koya wa hannu riƙon madaɓi. Abin da Iya ta faɗa ya fi haka nauyi. Ta ce aikin da ka iya ma yana lalacewa a hannunka in zuciyarka ta ƙi shi, kuma ba sai ka jira farin ciki ya zo da kansa ba. Kana iya shiga layin masu shi, ka bi bugunsu, har naka ya kama. Ba ta ɓoye mana cewa akwai abin da ake rabuwa da shi ba. Wannan ɓangaren ne bai bar ni ba. Da yamma ɗaya, bayan Inna ta tare a sabon ɗakin, na shiga kai mata fitila na same ta kwance a ƙasa, ba tabarma, ta manna kunnenta da daɓen. Ta daɗe a haka. Da ta gan ni ta tashi ta karkaɗe zanenta, ta ce in je in duba ko tukunya ta tafasa. Ban taɓa tambayarta ko ta ji wani abu ba, kuma na kai shekarun da ita ba ta kai ba ban daina tunanin abin ba.

Daɓen bai tsage ba. Kawunnaina suka zo ranar Juma'ar da suka ambata, Inna ta tuƙa musu tuwo da hannunta, suka ci, suka koma Masanawa su kaɗai. Ta zauna a ɗakin har rasuwarta.