Jirgin Ruwan da Ya Cinye Kuɗin Gawa

Ni ba yunwa ce ta sa ni sata ba, kada wani ya yi mini wannan uzurin. Lokacin da na fara cin amana ina da sana'a, ina da takardun zama, ina da ɗaki mai kyau a unguwar Belleville ta birnin Paris. Ɗan Maraɗi ne ni, karatu ya kawo ni Faransa a farkon shekarun dubu biyu. Da na gama sai na buɗe ɗan buro, wato ofis, a unguwar La Goutte d'Or, ina saya wa 'yan kasuwarmu tsofaffin motoci da kamiyo, wato manyan motocin dakon kaya, ina loda musu a jirgin ruwa zuwa Kwatano. Shekara biyar na yi ban ci sisin kowa ba.

Wannan gaskiyar ce ta sa aka damƙa mini asusun gawa. Ga wanda bai sani ba, mu 'yan Nijar da ke nan muna da wata al'ada: kowane wata kowa ya zuba abin da aka yanka, in ɗayanmu ya rasu a ɗauki kuɗin a kai gawarsa gida a jirgin sama. Alhaji Maman Sani, shugaban ƙungiyarmu, shi ya miƙa mini katin banki gaban jama'a, ya ce, "Yaron nan ya yi lakkwal, ya sha boko, kuma yana da tsoron Allah." Rabin maganarsa gaskiya ce.

Cikin masu zubi akwai Malam Isuhu, dattijo mutumin Damagaram, wanda ya ƙarar da ƙarfinsa yana dakon kaya a kasuwar Rungis. Kullum shi ne na farkon biya. Yakan hau benen burona yana haki, ya ce, "Ɗana, ni mutuwa ba ta ba ni tsoro. Amma kada ku bar ni cikin ƙasar nan mai sanyi. Ku kai ni kusa da tsohuwata." Ni kuma in ce, "Baba, wannan kuma ya zama aikina."

Sayen kamiyo ya riƙa kai ni Lyon. Wata Asabar wani Bature dillalin motoci ya ce in zo ya ɗana ni a jirgin ruwansa a kogin Saône. Kai jama'a! Ba kwale-kwale ba ne, wani dogon abu ne fari mai inji biyu a baya. Da muka fita bayan gari, inda aka yarda a yi gudu, ya tura giya, hancin jirgin ya ɗaga sama, hulata ta tafi. Ni da ban iya iyo ba, ni da ruwan da na sani bai wuce gulbin Maraɗi da damina ba, sai ga ni ina ihu ina cewa ya ƙara. Kafin mu sauka na riga na tambayi kuɗinsa. Ya sayar mini da araha, har yana rungume ni. Ashe murnar rabuwa da kaya yake yi.

Ku saurara, don wannan ilimin da tsada na saye shi. Sayen irin wannan jirgi shi ne abu mafi sauƙi. Sai da na yi permi, wato lasisin tuƙa shi. Sai asiransi, wato inshora, kuma da suka ji girman injinan sai suka ninka kuɗin. Wurin ɗaure shi a bakin ruwa haya ce ta shekara, ko ka hau ko ba ka hau ba. Mai kuwa, kada ma a yi magana: wuni guda na nishaɗi yakan sha abin da ya kai kuɗin hayar ɗakina na wata. In sanyi ya shigo a ɗaga shi daga ruwa, kuɗi. A wanke, a canja baƙin mai, a lulluɓe shi, kuɗi. Da bazara a mayar da shi ruwa, kuɗi. Ranar da farfela ta daki wani kututture, makanike ya duba ya yi fito kawai, na san na shiga uku. Ga tikitin jirgin ƙasa daga Paris zuwa Lyon kowane mako, ga abokai da ba su taɓa sayen lita ɗaya ba amma kowa na kirana "Kaftin". Wallahi sunan nan ya yi mini daɗi.

Ranar da na fara taɓa asusun gawa ban kira abin sata ba. Na ce aro ne, ai ba wanda ke da niyyar mutuwa wannan watan. Na mayar kuwa. Na biyu ma na mayar. Na uku ban mayar ba, kuma ba wanda ya tambaya, don mutanenmu suna jin kunyar su ce wa wanda suka amince da shi ya kawo takardar banki. Wannan kunyar na ci. Da asusun ya ƙare sai na koma kan 'yan kasuwa: in karɓi kuɗin kamiyo, in buga takardar lodi ta ƙarya, in ce kaya na kan teku.

Malam Isuhu ya rasu a asibiti cikin watan Janairu, ranar Litinin. Alhaji ya kira ni ya ce, "Baba ya cika. Ka fitar da kuɗi, masu shirya gawa suna jira." Na ce, "Gobe in sha Allahu."

A lokacin jirgina na kan ƙarafa a Lyon, an buɗe cikin inji guda. Na ruga can don in sayar da shi ko nawa ne. Wa zai sayi jirgin gudu a tsakiyar sanyi? Masu wurin ma suka ce ba ya motsawa sai na biya bashin ajiya. Na dawo Paris na ce banki ne ya riƙe kuɗin. Laraba na ce sa hannu ya rage. Alhamis na kashe waya.

A nan ne babban laifina yake, ya fi satar kanta. Da na faɗi gaskiya ran Litinin, da an bi shago-shago an haɗa kuɗin. Amma na riƙe su da ƙarya kwana biyar, gawa tana kwance a firjin asibiti, dokar ƙasar kuma ba ta barin gawa ta daɗe. Ran Juma'a bayan masallaci Alhaji ya tare ni a matakalar buro, ya ce, "Dubi idona. Akwai kuɗin ko babu?" Na ce babu. Bai zage ni ba. Ya zauna a kan matakala ya cire hularsa. Liman ya ce ba za a ƙara wahalar da mamaci ba, aka binne shi washegari a sashen Musulmi na wata maƙabarta a bayan Paris, ana yayyafi.

'Yan kasuwa suka kai ƙara, kuma sun yi daidai. Kotu ta ba ni shekara uku, na yi biyu a kaso. Jirgin an yi gwanjonsa, abin da aka samu bai biya ko masu wurin ajiya ba.

Da na fito, aikin wanke motoci na samu, kuma da shi nake biyan mutane kaɗan-kaɗan har yau. Na tuba, ban kuma ɓoye fuskata ba. Abin da ya fi yi mini nauyi shi ne kiran Hajiya Rabi, matar Malam Isuhu, a Damagaram. Na faɗa mata ko ni wane ne. Ta saurare ni har na gama. Sannan ta ce, "Shekara talatin ina jiran Malam ya dawo ya zauna. Da bai samu ba, na ce ko gawarsa in gani. Kuɗi na yahe maka. Amma tunda kai ka riƙe shi can, kai za ka riƙa kai masa ziyara. Ni ba ni da biza."

Matasa, ga shawarata, kuma na isa in ba da ita. Kafin ka sayi abu, tambayi abin da zai riƙa ci, ba kuɗin sayensa kaɗai ba. Kuɗin amana ba a aronsa, ko na kwana ɗaya. In an ba ka riƙo, kai da kanka ka kawo takardar banki kafin a tambaye ka. In kuwa ka riga ka yi ɓarna, faɗi yau, tun ana iya gyarawa.

Ni nawa ba ya gyaruwa. A ƙasar nan kabari ma haya ne, in wa'adinsa ya cika ba a sabunta ba sai su tone. Na sabunta na Malam Isuhu bara. Kowace Juma'a nakan hau bas biyu in je in yi masa addu'a, sannan in kira Hajiya in ce na je. Tambayarta ɗaya ce kullum: "Ana sanyi can?" Ni kuwa na daina ƙarya, sai in ce mata ana yi.