Ranar da Manong Pilo Ya Sauke Allo

Har yau in aka ambaci Manong Pilo a unguwar bayan layin dogo, kafin a tuna cewa dattijo ne mai kamun kai, sai an fara yin murmushi. Shi ne mutumin da ya buɗe tseren motoci da allon tsallakar da 'yan makaranta.

Ranar wata Lahadi ce da la'asar, cikin zafin nan na kwarin Kalifoniya mai sa kwalta ta yi laushi. Yana zaune a barandar gidansa yana ɓare tafarnuwa, sai ya hango maƙwabciyarsa Manang Saling ta dawo daga coci, ta maƙale a ɗaya gefen titi, ta dafa ƙarfenta na dogarawa. Titin kuwa, faffaɗan nan da ya bi ta gaban manyan ɗakunan ajiyar kaya, ya cika maƙil da samari da 'yan mata, kowa waya a sama. Motoci biyu sun jeru, ja da baƙa, suna gurnani kamar an ɗaure su da igiya. Tsohuwa ta sa ƙafa ta janye, ta sake sawa ta janye.

Manong Pilo bai yi shawara da kowa ba. Ya ajiye tafarnuwa, ya ciro rigar aikinsa mai ɗaukar ido daga bayan ƙofa, ya ɗauki jan allonsa mai mariƙi, ya sauko. Ya ratsa taron yana cewa, "Gafara dai, 'ya'yana, gafara," har ya isa tsakiyar titi, daidai gaban hancin motocin biyu, ya ɗaga allo sama. Ya yafito Manang Saling. Ta taho ƙwas, ƙwas, tana ma yi masa ƙorafin cewa wa'azin yau ya yi tsawo. Da ƙafarta ta biyu ta hau gefen titi, sai ya yi abin da aka koya masa, abin da yake yi kullum safe da rana: ya sauke allo.

Abin da bai sani ba shi ne, a wurin waɗannan yara haka ake ba da izini. Wani yakan tsaya tsakanin motoci, ya ɗaga hannu, da ya sauke sai a tashi. Motocin suka fizga ta hagunsa da damansa, iska ta yi gaba da hularsa, taro ya kaure da ihu. Wata yarinya mai koren gashi ta rungume shi tana cewa, "Kaka, kai ne ƙarshe!" Shi kuwa ya tsaya baki buɗe, allo a ƙasa, yana tari cikin hayaƙin taya.

Sunansa na takarda Teofilo Dumlao, amma an daɗe ana ce masa Manong, wato yaya, har da waɗanda suka girme shi. Yana saurayi ya baro Ilokos, can arewacin Filifin, ya biyo kawunsa. Ya tsinki inabi, ya tsinki tumatir, daga baya ya shiga kamfanin tumatirin gwangwani, ya zauna har ranar da aka sa wa ƙofar kamfanin sarƙa. Matarsa Luming ta rasu ba su haihu ba. Ta bar masa gida mai ɗaki biyu, da bishiyar zogale a bayan gida wadda yake naɗewa da tsohon bargo duk lokacin sanyi kamar jinjiri, da kuma wani shiru da bai san inda zai kai shi ba. Watanni ya yi yana dafa shinkafar mutum biyu da mantuwa.

Aikin tsallakar da yara ne ya fito da shi daga ɗaki. Kwanar titi ɗaya ce tal aka ba shi, inda hanyar firamare ta haɗu da babban titi, gaban gidan burodin amininsa Ambo. Abin da ake biya bai taka kara ya karya ba, amma Manong Pilo ya riƙe kwanar nan kamar sarautar gado. Rigar aikin da kowa ke cusawa a jaka, shi sai ya wanke ya shanya a inuwa don kada launi ya koɗe. Usur ɗinsa yana da jakarsa. Ya san wane yaro ne ke gudu ba ya duba, wace ce igiyar takalminta kullum a kwance, wane ne ya fito bai karya ba. Irin wannan sai ya ga an cusa masa burodin pandesal mai ɗumi a aljihu, ba a ce komai ba. Ambo yakan ce, "Wannan mutum, ko kaza ya gani za ta tsallaka sai ya tsayar da gari."

A shekarar da abin ya faru ne majalisar gari ta gaji da masu tsere. Direbobin ba sa kamuwa, kafin a zo sun zama ƙura. Sai aka juya kan waɗanda ke tsaye da ƙafa. Aka yi doka cewa duk wanda aka samu cikin tazarar ƙafa ɗari biyu yana kallon tseren da ba shi da izini, shi ma mai laifi ne, tara ko ɗauri. Ranar da aka karanta dokar a zauren coci, Manong Pilo yana sahun gaba, kuma babu wanda ya kai shi tafi.

To, a waccan Lahadin, da jiniya ta taso, motoci suka ɓace, yara suka tsallake shinge kamar awaki. Da 'yan sanda suka iso, abin da suka tarar a titin shi ne dattijo guda, sanye da rigar da ta fi komai haske a garin, ya durƙusa yana leƙen ƙarƙashin wata babbar mota yana neman hularsa.

"Baba, tun yaushe kake nan?" in ji ɗan sandan.

"Tun kafin su tashi, ɗana. Ai ni ne ma a tsakiya."

Ɗan sandan ya dube shi, ya dubi abokin aikinsa, ya ciro biro a hankali kamar wanda ba ya so, ya rubuta masa sammaci.

Kafin gari ya waye hoton bidiyon ya zaga ko'ina. An sa masa kiɗa, an rage masa gudu daidai inda hular ta tashi. Wani ɗan ƙanen Manong Pilo da bai neme shi ba tun jana'izar Luming ya bugo waya daga Dubai yana dariya har da shaƙewa. Da safe Manong Pilo ya fito kwanarsa kamar kullum, sai ga iyaye suna sauke gilashi suna ɗaukarsa hoto, wasu 'yan aji shida kuma suka jeru a bakin layi suna "vum, vum" da baki, suna jira ya sauke allo su zura da gudu. Washegari Madam Renner, shugabar masu tsallakar da yara, ta kira shi ofis.

Ta ba shi kujera, ta ba shi ruwa, abin da ya tabbatar masa ba lafiya ba.

"Mista Dumlao, kowa ya san kai. Amma ka fita da kayan aiki ranar da ba aiki. Wannan ɗaya. Na biyu, in kotu ta same ka da laifin da ya shafi titi, hannuna a ɗaure yake. Ka ajiye rigar da allon a nan tukuna, mu ga yadda za ta kaya."

"Madam, gobe wa zai tsaya a kwanar?"

"Za mu duba."

Ya ninke rigar a kan teburinta, ya sake warwarewa ya ninke, don ninkin farko bai yi masa ba.

Lauyar da hukuma ta ba shi yarinya ce mai fara'a da idanun wadda ba ta samun barci, fayil-fayil a gabanta kamar za ta buɗe shago. Manang Saling ta nace sai ta raka shi don ta ba da shaida. Lauyar ta tambaye ta ko ita ta roƙe shi ya fito.

"Ni? Ina! Da ya ƙyale ni ma da na tsallaka abina. Shi Pilo tun yana saurayi akwai son mota."

"Manang, don Allah," in ji shi.

"To ƙarya zan yi a gaban hukuma?"

Lauyar ta rufe biro. Ta juya masa wayarta, ta nuna masa bidiyon, ta tsayar daidai inda allo ya sauka.

"Kawu, bari in gaya maka yadda abin yake. Mai gabatar da ƙara ya ce kai ka ba da alamar tashi. Wannan taimaka wa tsere ne, kuma ya fi kallo nauyi nesa ba kusa ba. Amma ya ce in ka amsa laifin kallo, zai bar wancan."

"Ai ban kalla ba, 'yata."

"Ban gane ba."

"Ban kalli tseren ba. In ka tsallakar da mutum, idonka na kansa har sai ya daidaita a gefen titi. Ita nake kallo. Kafin in waiwayo sai hayaƙi."

"Allon fa, kai ka sauke?"

"Ni na sauke. In ba a sauke ba ya za a yi motoci su wuce?"

Ta dafe goshi. "Kawu, kada ka maimaita wannan a gaban alƙali."

Ya koma gida da lissafin da ya fi ƙarfinsa. Abin da ya yi, an ce kada ya faɗa. Abin da bai yi ba, an ce ya rantse ya yi. Ya tambayi Ambo, Ambo ya ce ya yi faɗa har kotun ƙoli, ga shi nan a bayansa. Amma Ambo mutum ne da ko takardar tarar ajiye mota ya gani a gilashi sai hawan jininsa ya tashi. Ya sake bugo wa lauyar ya tambaye ta, in ya ƙi amsawa aka yi shari'a, zai koma kwanarsa? Ta ce in ya ci, wataƙila. Ya ce zai ci? Ta ce bidiyon a fili yake ƙwarai.

Ranar zaman kotu ya sa farar rigar nan mai shara-shara ta bikin aurensa, wadda yanzu ta yi masa yawa a wuya. Layin masu laifin kallo duk jikokinsa ne a shekaru. Wani mai ɗan kunne ya gane shi, ya tashi ya ba shi wuri da ladabi, yana raɗa wa na kusa, "Shi ne fa." Da aka kira Teofilo Dumlao, alƙali ya tambaye shi ko ya amsa cewa ya halarci wurin don ya yi kallo. Manong Pilo ya dubi lauyarsa. Ta gyaɗa kai. Ya ce ya amsa, da muryar da sai da aka ce ya maimaita.

Saboda shekarunsa aka sassauta, aka ce maimakon tara ya yi wa gari aiki kyauta. Aikin kuwa tsintar shara ne a bakin babbar hanya. Aka ba shi buhu, da sanda mai tsinke, da riga mai ɗaukar ido, ta wani ƙato, duk maiƙo. Ya tambayi mai kula da su ko zai iya tafiya da ita gida ya wanke. Aka ce a'a.

Daga ofishin Madam Renner kira ɗaya aka yi, gajere. Ta ce ba zai koma kwanar ba, ta yi iya ƙoƙarinta, kuma ya yarda ta yi. Iyaye sun ce za su taru su je majalisa a kansa. Ranar da aka sa, mutum uku suka zo, ɗaya ma Manang Saling ce, wadda ta ɗauka rabon abinci ake yi. Kwanar kuwa ba a kawo kowa ba. An ce ana nema, an ce babu kasafi, daga baya aka kafa wani ƙarfe mai fitila da maɓalli, wanda yara ke dannawa don wasa, direbobi kuma suka saba da ƙyaftawarsa har suka daina gani. Masu tsere sun koma wani titi bayan filin jirgi, an ce taronsu ya ma fi na da.

Yanzu kullum da safe za ka same shi a gidan burodin Ambo, a kujerar da ke jikin taga, kofi yana hucewa a gabansa. Ba ya fita. An gaya masa in ya tsaya a titi ya ɗaga wa mota hannu ba da izini ba, wani laifin ne kuma. Sai dai in yara suka taru a bakin layi, za ka ga hannunsa na dama yana tashi daga kan tebur da kansa, sai ya sa na hagu ya danne shi. Ya rame. Bishiyar zogalen ma bana sanyi ya ƙone ta, ya manta bai rufe ba.

Ambo dai bai fasa tsokana ba, don ya ce ranar da ya daina, ranar ce mutumin zai kwanta. Rannan shagon ya cika da tsofaffi, sai ya fito daga wurin gashi da faranti biyu na pandesal, ya jera su a kan kanta, ya ɗaga murya.

"Jama'a a matsa baya, ga babban alƙalin tsere! Manong, ga ja ga baƙa, ba mu hannu su tashi. Kai, duk garin nan ban ga wanda ya iya sallamar mota kamarka ba!"

Aka fashe da dariya. Manong Pilo bai ɗauke ido daga taga ba sai da ƙaramar cikin yaran ta hau gefen titi. Sannan ya juyo, ya jawo kofinsa.

"Ku yi dariyarku, Ambo. Amma duk shekarun da na yi a kwanar can, ina ɗaga allo ana zagina, ana turo mini hancin mota har gwiwa, yaran nan biyu masu tsere ne kaɗai suka taɓa tsayawa cak a bayan layi, suka zuba mini ido, suka jira sai da na ce su tafi."