Hanon da muka dasa wa Gwaggo

Gwaggona, yayar mahaifina, ungozoma ce a Dauran tun ban san kaina ba. Ɓawon itacen hano take dafa wa masu jego da masu zazzaɓi. Da daji ya gagara shiga saboda 'yan bindiga, muka ɗauko ta ta dawo wurinmu a Kaura Namoda. Ban taɓa jin ta yi kukan ɗakin da ta baro ba, kullum zancenta hano. Na kasuwa kuwa ta ce ya tsufa a buhu, ba sauran magani a jikinsa.

Wata Bafulatana mai kawo mana nono ce ta taho mata da rassa daga can. Na farkon da muka soka a ƙasa duk suka ruɓe. Sai na je wurin wani mai rainon dashe kusa da tashar jirgi, ya ba ni wata farar hoda a 'yar kwalba, ya ce ita ke sa reshe ya fitar da saiwa. A yanke shi a karkace ƙasa da gaɓa, a bar shi a inuwa ƙaronsa ya tsane, a dangwala bakin a hodar a kaɗe, sannan a huda masa rami a leda mai yashi.

Gwaggo ta shinshina hodar ta yamutsa fuska. "Ke ɗiya, itace ma sai an yi mai kwalliya?"

"Gwaggo, a gwada dai."

Tana yanka, ina dangwalawa. Yawanci suka bushe, amma kaɗan suka yi toho. Ranar da ta ga fararen saiwoyi sun leƙo ta ƙasan leda, har da guɗa ta yi. Da damina ta zauna muka mayar da su bayan ɗakinta.

Shekaru suka tura, itatuwan suka kai kaurin damtse. Matan unguwa suka fara roƙo, musamman wata maƙwabciyarmu da Gwaggo ta karɓi haihuwarta. Gwaggo ta hana. "Ba su isa ba tukuna. Wanda duk yaɓ ɓare su yanzu ya kashe su. Ni ba ni cin amfaninsu, ku ka ci, ku yi haƙuri."

Da ta rasu gida ya cika da masu gaisuwa. Ina ɗaki ina amsa ta'aziyya, ban leƙa baya ba sai da aka watse. Na tarar da itatuwan fari fat, an feɗe su zagaye tun daga gindi har inda hannu ya kai, ƙaro na zuba. Na tambayi maƙwabciyar, ko kunya ba ta ji ba.

"Albarkar hannunta muka ɗiba. Kowa ya taɓa, ba ni ɗai ba."

Na shafa musu laka da kashin shanu, na ɗaure da tsumma, na yi ta ban ruwa. Ganyen ya yi ja ya zube. Kafin kaka maigidana ya tumɓuke su.

Bayan nan maƙwabciyar ta shigo da ragowar ɓawon a ƙulle, wai ya yi mata yawa, ko zan dafa. Na ce ta koma da abinta. Har yau muna gaisawa, amma ban ƙara shimfiɗa mata tabarma ba.